Shekarata 25, Ban San Inda Na Dosa Ba: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata 25, yau shekara biyu ke nan da na gama karatu. Na yi ta neman aiki ban samu wanda ya dace da abin da na karanta ba, kuma maganar gaskiya, ko abin da na karantan ban tabbata ina son sa ba. Sa'o'ina wasu sun kama aiki, wasu sun yi aure, ni ina gida ina zaman kashe wando. Idan aka tambaye ni me nake ciki, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na karanta littattafan gina kai da dama, na saurari masu ƙarfafa gwiwa, nakan zauna in tsara yadda zan gyara rayuwata, in bi tsarin kwana uku ko huɗu, sai in watsar. Yanzu ba na barci sai dare ya raba, ina ta latsa waya. Shin mutuwar zuciya ce ke damuna, ko akwai wani abu dabam? Ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da na gani shi ne tambayoyi uku ne suka sarƙe da juna. Ta farko: halin da kake ciki, kowa yana shiga ne ko kai kaɗai aka bari a baya? Ta biyu: me ya sa kake tufka da warwara, ka yi niyya ka kasa riƙewa? Ta uku ita ce ka rufe da ita: ta ina za a kama? A aikina na ba matasa shawara, da wuya mako ya wuce ban ji waɗannan tambayoyi ba, sai dai kowa da irin lafazinsa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma zan fi daɗewa a kan ta biyu da ta uku, don a nan matsalar take.

Shekarun da kake ciki

A shekarar 2000 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jeffrey Arnett, ya kawo hujjar cewa tsakanin shekara 18 zuwa 25, wanda daga baya ya ƙara zuwa 29, wani zango ne mai zaman kansa a rayuwa: mutum ya fita daga ƙuruciya, amma bai gama zama babba ba. Da ya riƙa tambayar matasa ko suna ganin sun zama manya, da yawansu sai su ce ta wani ɓangaren e, ta wani ɓangaren a'a. Ya lura cewa zango ne na rashin tabbas, na sauya aiki da wurin zama da ra'ayi, da neman sanin ko wane ne kai. Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikinsa shi ne amsar da matasan suka ba shi kan abin da ke mai da mutum babba. Ba su sa aure ko samun aiki a gaba ba. Abubuwa uku suka fi ambata: ɗaukar alhakin abin da ka aikata, yanke shawara da kanka, da tsayawa da ƙafarka ta fuskar kuɗi. Ka lura cewa biyu na farko ba sa jiran kowa ya ɗauke ka aiki.

Sai dai a yi hattara da binciken. An yi shi ne a ƙasashe masu arziki, inda matashi da yawa ke da zarafin gwada wannan ya gwada wancan. Masu sukar Arnett sun ce wanda talauci ya ɗora wa nauyin gida tun yana ɗan shekara 17 ba shi da wannan sararin, kuma suna da gaskiya. Amma ruɗanin da ya bayyana, na ganin kanka a tsakiya, ba yaro ba kuma ba babba ba, ina ganin sa a wurin mai hali da marar hali.

Ita ma ƙwaƙwalwa tana da nata. Sashenta na gaba, wanda ke bayan goshi, shi ke kula da tsara abu, hangen nesa da danne son rai, kuma shi ne na ƙarshe wajen kammala girma, yana ci gaba har cikin shekaru ashirin da wani abu. Za ka ji ana cewa da an kai 25 shi ke nan ta gama. Babu wata rana takamaimai, abu ne da ke tafiya sannu a hankali, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ban kawo wannan don ya zama maka uzuri ba. Na kawo shi ne don ka san cewa iya riƙe kai abu ne da ake koyo, kuma kana cikin shekarun koyon sa.

Maganar sa'o'inka kuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan mutum ba shi da wani ma'auni tsayayye na auna kansa, to da mutanen da ke kama da shi zai riƙa aunawa. A makaranta akwai ma'auni: aji, jarrabawa, sakamako, kowa yana tafiya tare. Da an fito sai ma'aunin ya ɓace, kowa ya kama gabansa, abin da ya rage maka kawai shi ne hotunan da suke sakawa a waya. Ba wanda ke saka hoton bashin da ake bin sa, ko ranar da maigidansa ya ci masa mutunci a wurin aiki. Kuma da ƙarfe biyun dare kake kallon hotunan nan, lokacin da zuciya ta fi rauni.

Mutuwar zuciya ce?

A'a, ban ga alamarta a wasiƙarka ba. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya jin kunya idan an tambaye shi me yake ciki, kuma ba ya zama ya tsara komai. Abin da na gani shi ne mutum da ya faɗa cikin wani zagaye da masana suka daɗe da sani. A shekarun 1970 Peter Lewinsohn ya nuna cewa idan abubuwan da ke ba mutum jin ya yi wani abu suka ragu a rayuwarsa, sai ransa ya yi sanyi. Idan rai ya yi sanyi sai ya ƙara janyewa daga mutane da ayyuka. Janyewar kuma ta ƙara rage abubuwan da za su faranta masa. Haka abin zai yi ta juyawa. Kai da kake makaranta, kullum akwai abin da ke tashe ka, akwai inda za ka, akwai wanda zai lura idan ba ka zo ba. Duk waɗannan sun tafi rana ɗaya. Abin da aka gina a kan aikin Lewinsohn, wanda masu ba da shawara ke amfani da shi har yau, ya tsaya a kan abu guda: kada ka jira sai ka ji sha'awar yin abu kafin ka yi shi. Motsi ke fara zuwa, sha'awa ta biyo baya. Hausawa sun riga sun faɗa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

A nan ne nake da ja da yawancin littattafan gina kai da masu ƙarfafa gwiwa. Ba na cewa ƙarya suke yi. Amma abin da suke sayarwa shi ne zumuɗi, shi kuwa zumuɗi kwanansa kaɗan ne. Ka saurara, jininka ya motsa, ka ɗauko takarda ka tsara sabuwar rayuwa gaba ɗaya. Wata matashiya ta taɓa nuna mini irin wannan takarda. Ta ja layi da rula, ta raba yini gida-gida: tashi ƙarfe huɗu, motsa jiki, karatu awa biyu, koyon kwamfuta, koyon wani harshe, neman aiki, har da minti talatin na "tunani a kan manufa". Ta yi wa kowane gida launinsa. A lokacin ƙarfe goma sha ɗaya na safe take tashi. Na tambaye ta me ya faru rana ta huɗu. Ta ce ta makara, ta farka ta ga gidaje uku sun riga sun wuce, sai ta ce yau ta lalace, gobe ta sake. Goben ba ta zo ba. Laifin yana ga takardar: ta nemi ta sauya abu bakwai a lokaci guda, kuma tsarin ba shi da wurin tuntuɓe.

Akwai binciken da nake son kowane matashi ya sani. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ɗabi'a guda ɗaya da zai riƙa yi kullum. An buga sakamakon a 2010. Matsakaicin lokacin da ɗabi'ar ta ɗauka kafin ta zama jiki shi ne kwana 66, amma ya kama daga kwana 18 har zuwa 254, gwargwadon mutum da wahalar abin. Don haka maganar da ake yawan yi cewa ɗabi'a tana zama jiki cikin kwana 21 ba ta da tushe mai ƙarfi. Abu na biyu da suka gano ya ma fi wannan amfani gare ka: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ɗabi'ar ba. Abin da ke rushewa shi ne hukuncin da kake yanke wa kanka bayan ka tsallake.

To, yaya ake yi? Ka ɗauki abu ɗaya tak, ka ƙanƙanta shi har ya zama kana iya yin sa ko ranar da ba ka jin daɗi, sannan ka ɗaura shi a jikin wani abu da ka riga ka saba yi. Peter Gollwitzer, wani masani ɗan Jamus, ya nuna cewa niyyar da aka faɗi lokacinta da wurinta ta fi cika a kan niyya sake. "Zan dage da neman aiki" niyya ce sake. "Idan na gama karin safe, zan zauna a tebur in aika takardar neman aiki guda ɗaya kafin in taɓa waya", wannan ita ce ake iya riƙewa, don ba ta bar maka abin da za ka sake yin shawara a kai ba.

Idan ka ce in zaɓar maka abin farko, barci zan zaɓa. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma ƙarancin barci yana raunana daidai sashen ƙwaƙwalwar nan da kake buƙata don riƙe niyya. Kada ka fara da tilasta wa kanka kwanciya da wuri, za ka yi ta juyi ne kawai a gado. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, kullum, ko da ƙarfe nawa ka kwanta, ka fita ka sha hasken safiya, ka daure wa barcin rana mai tsawo. Kwanakin farko za ka sha wuya, amma jiki zai fara neman barci da wuri da kansa. Wayar kuma ta kwana nesa da hannunka, inda sai ka tashi tsaye kafin ka ɗauko ta.

Wace hanya za ka bi?

Ka ce ba ka tabbata kana son abin da ka karanta ba. Wannan bai ba ni tsoro ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, James Marcia, a 1966, ya duba matasa ta fuska biyu: shin sun bincika hanyoyi dabam-dabam, kuma shin sun tsaya a kan ɗaya? Akwai wanda ya tsaya ba tare da ya bincika ba, ya ɗauki abin da aka zaɓa masa. Akwai wanda yake tsakiyar bincike. Akwai wanda ya bincika ya tsaya. Akwai kuma wanda bai bincika ba, bai tsaya ba, yana shawagi. Mutane da yawa sun shiga makaranta a rukunin farko, sai bayan sun fito tambayar ta taso musu. Hatsarin da nake hango maka shi ne ka ɗauka kana bincike alhali shawagi kake yi. Bambancin yana da sauƙin ganewa: mai bincike yana da abin da zai nuna a ƙarshen wata, ya je wuri kaza, ya gwada abu kaza, ya gano ba ya son kaza. Mai shawagi tunani kawai ya yi.

Ba a gano abin da ake so a kwance. Yawancin mutanen da ka ga suna son aikinsu, son ya zo ne bayan sun fara iya shi, bayan an fara neman su saboda shi. Don haka ka ware wata uku ka yi gwaji na gaske a kan abu ɗaya: ka bi wani mai sana'a ka koya, ka yi aikin sa kai, ka karɓi ƙaramin aiki ko da bai kai matsayin takardarka ba. Wani saurayi da na yi aiki da shi ya daɗe yana ƙin wani aikin rubuta kayan da ke shiga da fita a wani ɗakin ajiya, yana ganin raini ne ga mai digiri. Da ya karɓa, a nan ya gano yana da ido a kan lissafi, yana hango inda adadi bai daidaita ba tun kafin a ƙirga. A nan kuma ya haɗu da wanda ya kai shi aikinsa na gaba. Ba kowane ƙaramin aiki ke ƙarewa haka ba, wani za ka yi ka fito da sanin cewa ba za ka sake ba, shi ma sani ne. Abin da zan ce ka guje wa shi ne aikin da zai cinye yininka duka, bai biya ka abin kirki ba, bai kuma koya maka komai ba.

Kada kuma ka tsaya sai ka samu mafi kyau. A wani bincike na 2006, Sheena Iyengar da abokan aikinta sun bi ɗaliban da ke gama jami'a suna neman aiki. Waɗanda suka dage sai sun samu mafi kyawun duka sun samu albashin farko da ya fi na sauran da kusan kashi 20 cikin 100, amma sun fi su damuwa lokacin neman, kuma sun fi rashin gamsuwa da abin da suka samu. A shekarunka, aikin farko da wuya ya zama na ƙarshe.

Sai maganar mutane, wadda nake ganin ita ce ka fi sakaci da ita, don kunya tana sa ka ɓuya. Wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya yi nazarin yadda mutane ke samun aiki a wani gari kusa da Boston, ya wallafa a 1973. A cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminai suka samu ba, ta hannun waɗanda suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda kuke nesa-nesa shi ke jin labarin da ba ya zuwa kunnenka. Tsohon malaminka, ɗan ajinku da kuka daɗe ba ku gaisa ba, abokin yayanka. Kada ka rubuta musu "a taimaka mini da aiki", wannan yana ɗora wa mutum nauyin da ba zai iya ba, sai ya yi shiru. Ka ce: "Ina neman shiga harkar kaza. Ko za ka ba ni minti goma in tambaye ka yadda ka fara, da wanda ya kamata in gani?" Mutane suna son a tambaye su labarinsu. Idan ka yi haka da mutum ɗaya kowane mako, cikin wata uku ka yi magana da mutum goma sha biyu.

Ba ka ambaci iyayenka kai tsaye ba, amma na ji su a cikin "me kake ciki". Sau da yawa abin da ke tayar musu da hankali shi ne shirun, suna ganin ka a ɗaki ba su san ko kana wani yunƙuri ba. Ka riga su magana. Ka samu lokacin da hankali ke kwance ka ce: "Baba, ga abin da na sa a gaba daga nan zuwa wata uku, ga inda nake zuwa, zan riƙa sanar da ku yadda ake ciki." Ka kuma ɗauki wani nauyi a gidan da kowa zai san naka ne, ko da ba na kuɗi ba ne. Idan kuɗi ya fara shigowa, komai ƙanƙantarsa, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ka cire wani abu ka ajiye tun kafin ka fara kashewa. Ka nisanci bashin da ake bayarwa nan take ta waya da cacar intanet; su biyun suna farautar mutum ne daidai lokacin da yake cikin irin halinka.

Inda shawarata ta tsaya

Duk abin da na faɗa ba zai ƙirƙiro aiki inda babu shi ba. Akwai matasa da suka yi komai daidai kuma suka daɗe suna nema, don guraben sun yi kaɗan. Idan ka ɗora wa kanka laifin wannan ma, ka zalunci kanka. Abin da ke hannunka shi ne barcinka, yininka, abin da kake koyo da mutanen da kake nema.

Na biyu, daga wasiƙa ba a gane ciwo, kuma tambayarka ta ko akwai wani abu dabam tana buƙatar wanda zai gan ka ido da ido. Shekarun ƙuruciya da samartaka su ne lokacin da matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suka fi bayyana: wani babban bincike da Ronald Kessler ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa rabinsu suna farawa kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce 24. Ka duba kanka da gaskiya. Idan ka yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin baƙin ciki mafi yawan yini, ko abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun daina yi maka daɗi, tare da sauyin barci ko cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ko jin ba ka da wani amfani, to wannan ya wuce a ce maka ka daure. Ciwon damuwa ne ake zargi, kuma yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararre, ko shan magani, ko duka biyun. Ka je asibiti ka faɗa wa likita yadda ka faɗa mini, ka ƙara da tun yaushe abin ya fara da yadda barcinka yake. Zai iya duba jininka ma, don ƙarancin jini da wasu cututtukan jiki suna kawo irin wannan kasala. Idan ka fara shan wani abu don ka samu barci ko ka manta damuwa, ka faɗa masa, kada ka ɓoye. Idan kuwa tunanin gara ka mutu ko ka cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka jira mako biyun: ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi a yau, ku tafi asibiti tare.